Andrawus da Butar Mai

Duk wanda ya taɓa zama a Bayan Loko, nan Kafanchan, ya san mijina Andrawus. In bai san sunansa ba, to ya san butarsa, wata tsohuwar butar mai ta ƙarfe mai dogon baki, wadda ya fito da ita daga reluwe ranar da ya yi ritaya. Ni Milka, da nake zaune da mutumin nan tun gashina yana baƙi wuluk, ban taɓa ganin ƙarfen da ya gifta ta gabansa ya tsira ba. Ƙyauren ɗaki, ƙofar coci, injin markaɗen maƙwabta, duk sun sha. Akwai ranar da ya ɗiga wa keken ɗinkina mai ana gobe taron Zumuntar Mata, na ɗinka farin ɗankwali ya fito da baƙin layi tun daga wannan baki har wancan. Na yi masifa har muryata ta dishe. Shi kuwa ko a jikinsa, wai, "Amma kin ji yadda keken ke gudu yanzu, ko?"

Ɗan wani ƙauye ne a wajen Gwantu. Ya shigo garin nan yana saurayi, da wando ɗaya da ƙarfin hali, a zamanin da jiragen Fatakwal da na Jos da na Kaduna ke haɗuwa a tasharmu, mata na sayar da lemu da dafaffiyar gyaɗa ta taga. Aka ɗauke shi a loko, wato garejin jiragen ƙasa, aikin shafa wa injin mai, ya yi ta hawa har ya zama makanike. Ogansa na farko ne ya dasa masa maganar da ta zame mana jaraba a gida: wai duk ƙarfen da ya yi tauri, ƙishi yake ji. Ya riƙe maganar nan kamar ayar Littafi Mai Tsarki. A bakin tashar ya gan ni ina sayar da kunu, ya sha kofi ɗaya ya bar mini shaidar yatsunsa baƙi a jikin kofin, na zage shi, washegari ya dawo. Haka aka yi har aka kai mu gaban fasto.

Da jirage suka yi ta raguwa har ciyawa ta rufe dogo, ritaya kuma ta zo, sai mutumina ya zauna. Zama fa na gaske. Ya ɗauki kujera ya kafa a gindin mangwaron tsakar gida, ya shanye kamar ganyen rama a rana. Ƙafa ta fara kumbura, likita ya ce ciwon suga ne, sai ya riƙa motsa jiki. Motsa jiki ina? Mutumin da ko kasuwa ka aike shi sai ya ce rana ta yi zafi.

Ɗanmu Jason, da ke aiki a Sabon Tasha ta Kaduna, shi ya aiko masa da keken hawa a bayan mota. Na gwanjo ne, amma kai, keke ne! Tayoyi masu kauri da ƙuraje, giya rututu a ƙafar baya, gaba kuma yana lotsawa in ka danna. Irin na hawan dutse, in ji Jason. Andrawus ya zagaya shi, ya durƙusa, ya shinshina shi ma ina jin, sannan ya hau ya fita ko hula bai saka ba. Ya dawo yana haki yana dariya, irin dariyar da na manta yana da ita.

Daga nan fa sai abin ya zama kamar an canja mini miji. Gonar cittarmu da ke gindin dutsen Kagoro, wadda muka bar wa ciyawa, ya koma mata. Ya ƙulla abota da Malam Jibir, Bafulatanin da rugarsa ke maƙwabtaka da gonar, kullum sai ya dawo mini da nono a gora da labarin shanu. Kumburin ƙafa ya sace. Abinci kuwa, sai da na ƙara tukunya. Dattijo ya haura saba'in yana tsere da 'yan makaranta a kan titi, suna ihu suna "Baba Loko! Baba Loko!" Na yi murna, ba zan ɓoye ba, na yi ta gode wa Ubangiji a sujada.

To amma hali zanen dutse. A ƙafar bayan keken akwai wani hannu na ƙarfe da ke rataye, mai 'yan gare-gare biyu da sarƙa ke bi ta cikinsu. Shi ke ɗauke sarƙar daga wannan giya zuwa waccan, shi kuma ke ja mata don kada ta yi sako-sako. Wata safiya Andrawus yana goge keke ya tura hannun nan gaba da yatsa, ya ji ya yi tauri. Na ga fuskarsa ta canja.

"Maman Theresa, kin gani? Turawan nan sun bar abin nan ya yi tsatsa."

"Keken yana tafiya lafiya, ka bar shi."

"Ƙishi yake ji."

Ya samo wani ɗan toshin roba a jikin hannun, ya ɓalle, ya zura bakin buta ya tsiyaya mai har yana zubowa ƙasa. Ya ga wani ɗan noti a ciki, ya sassauta shi ma. Hannu ya zama laƙwas, ka taɓa shi da ɗan yatsa ya yi lilo. Mutumina ya miƙe yana share hannu da tsumma, cike da alfahari, kamar wanda ya ta da matacce.

Tun daga ranar keken ya koyi surutu. Ko ɗan rami ya taka, sarƙa ta yi tsalle ta daki ƙarfe, kwaram-kwaram, kamar an ɗaura wa akuya gwangwani. Sai ta fara zamewa daga haƙoranta gaba ɗaya. Ya sauka ya mayar, ya dawo da hannu baƙi. Maganinsa kuwa ɗaya ne, ya ƙara mai.

Ana cikin azumin Ista abin ya faru. Hanyar gonar tana da wani gangare mai duwatsu, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar tsakuwa da ramuka. Yana saukowa sarƙa ta fice, ya taka feda ya ji wayam, ƙafarsa ta zame, shi da keke suka yi cikin kwazazzabo. Malam Jibir ne ya kawo shi a kan babur, ya ɗaure shi a bayansa da rawani don kada ya faɗo. Goshi a fashe, gwiwa a saɓule, riga duk jini.

"Yesu na! Baban Theresa, ka kashe ni!"

"Mama, ki kwantar da hankali," in ji Malam Jibir. "Ƙashi bai karye ba, na duba shi kamar yadda nake duba nawa. Allah ya kiyaye gaba."

Theresa, babbar 'yarmu, nas ce, kuma bakinta irin nawa ne, ban isa in yi ƙorafi ba. Ta zo a ranar, ta wanke ciwon, ta ɗinke goshin, sannan ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Baba, mai ciwon suga ba ya wasa da rauni. Yau goshi ne, gobe fa? Keken nan ya gama zama a gidan nan. Ranar Asabar ɗin Ista zan zo da motar maigidana in ɗauke shi."

Na ce, "Ato! Gaya masa." Ni da kaina na tura keken cikin sito na garƙame.

Bai yi gardama ba, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Andrawus fa, mutumin da ke musu da rediyo! Ciwo ya warke sarai, amma ya ɗauki kujerar nan ya koma gindin mangwaro. In kawo gwaten acca ya ci cokali kaɗan ya ture. Malam Jibir ya aiko da nono, ko buɗe gorar bai yi ba. Ina kallonsa ta tagar kicin yana komawa mutumin da na sani kafin keke, sai na ji tsoro ya kama ni fiye da na ranar jinin. Waccan faɗuwa ce ta lokaci ɗaya, wannan kuwa a hankali take cinye mutum.

Wata safiya na kasa daurewa. Na buɗe sito, na turo keken na jingina masa a gwiwa.

"Ga shi. Kai ka ɓata shi da wannan la'ananniyar butar, kai za ka gyara. In ka zuba masa ko ɗigo ɗaya kafin ka san ciwonsa, na rantse sai na jefa butar nan a rijiya."

Ya dube ni, ya dubi keken. Sai ya ce in kawo masa faranti mai tsabta da farin ƙyalle.

Ya shimfiɗa buhu a inuwa, ya saka tabarau. A jikin hannun akwai wata 'yar maɗanna da bai taɓa kula da ita ba, ya tura ta gefe ya ji hannun ya ƙara saki, ya mayar ya ji ya ɗan kama. Ya ce, "To fa. Ashe kunna shi ake yi." Ya kashe ta, ya kwance 'yan ƙananan notuna uku, ya ɗaga murfi a hankali. Baƙin mai ya kwararo. Ya goge, ya kara fuska. Sai kawai na ji ya buga cinya ya kwatsa ihu har kajina suka watse.

"Milka! Milka, zo ki gani! Birki ne!"

Rabon da ya kira ni da sunana tun muna amarci. Na durƙusa. Abin da na gani wani ɗan ganga ne na ƙarfe, bai fi kan babban yatsa ba, da wani siririn ƙarfe da ya zagaye shi kamar ɗamara.

"Kin ga wannan ɗamarar? Ita ke matse gangan. Shi kuma gangan, duba, ta nan yana juyawa salin-alin, ta nan kuma ya cije. In keke ya faɗa rami sarƙa ta so ta fizgi hannun gaba, sai birkin ya riƙe. In hannun zai koma baya, sai ya sake shi. Kai! Kai! Wanda ya ƙera abin nan ya sha nonon uwarsa!" Sai ya dafe kai. "Ni Andrawus, na zuba wa birki mai. Da a loko ne, da an kore ni kafin azahar."

Daga baya Jason ya gaya mana a waya cewa kuloci ake kiran abin, amma har yau a gidanmu sunansa ɗan birki.

Aka shiga wanki. Ya tsoma kowane yanki a kananzir, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a farantina. Ya mayar da su a bushe ƙamas, ya ɗaure ɗan notin nan tamau, wai birki ba ya son wasa. Na riƙe masa sirdi na ɗaga ƙafar baya, ya juya feda da hannu. Wayyo! An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hannun ya riƙa kuka, ƙiiit, ƙiiit, in ka tura shi gaba sai ya maƙale a can ya ƙi dawowa, sarƙa ta yi ciki kamar igiyar shanya. Canja giya kuwa sai ya danna har babban yatsansa ya yi fari.

Ya zauna a ƙasa ya yi tagumi. Da mai ba daɗi, ba mai ba daɗi. Ga Asabar tana matsowa.

Ni ce na ɗauki murfin zan goge, na ga wani abu maƙale a lungunsa inda mai bai kai ba. Na lakato da farce, na murza.

"Baban Theresa, wannan fa ba irin manka ba ne. Dubi kaurinsa, kamar man kaɗe. Da shi abin ya zo."

Ya karɓa, ya murza, ya kai hanci. Idonsa ya kawo haske.

"Giris! Mai kauri, wanda ba ya narkewa in ƙarfe ya yi zafi. Ba santsi ake so ba, ba kuma bushewa ba. So ake ya riƙe, amma ya riƙe da ladabi." Ya kama hannuna ya girgiza kamar mun haɗu a coci. "Da ke aka ɗauka a reluwe, da jirgi bai tsaya ba."

Ya tafi da ƙafa har layin masu kayan babur, ya bi shago-shago yana lakata yana murzawa har ya samo wanda ya kwanta masa. Ya sake kwancewa. Wannan karon ya shafa giris ɗin a bayan gangan kaɗai, inda ɗamara ke kamawa, shafa ɗaya siririya, ya hana shi shiga cikin gangan inda 'yan ƙarafan da ke cijewa suke. Mutumin da ya saba tsiyaya, ga shi yana shafawa da tsinken ashana, yana ta ƙoƙarin hana kansa ƙari. Na yi dariya har da hawaye.

Sai ɗaurin noti. Ya juya kaɗan, ya tura hannun da yatsa. Ya yi laushi. Ya ƙara kaɗan. Ya ce in gwada, wai hannuna ya san taurin ƙullin alkama. Na tura, na ji ya tsaya mini da ƙarfi sannan ya tafi sumul ba gargada, na saki ya koma wurinsa da kansa. Na ce, "Nan ne." Ya duba siririyar robar bakin murfi, ya zaunar da ita daidai don kada ruwan damina ya shiga, ya rufe, ya kunna maɗanna. Ya ɗaga bayan keken har ƙugunsa ya sake shi a ƙasa. Dum. Taya kawai muka ji. Ya sake, dum. Ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, tak, tak, tak, kowace ta shiga ba musu. Mu biyu, tsofaffi da jikoki, muka kama rawa a tsakar gida, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko fansho ne ya fito.

Ranar Asabar ɗin Theresa ta iso da mota, ta buɗe but tun kafin ta gaishe mu. Babanta ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ɗan birki, giris, ɗamara. Ta saurara da haƙuri irin na asibiti.

"Baba, ni ban san ƙarfe ba. Goshin da na ɗinke na sani."

"To gani ya kori ji. Ki hau acaɓa ki biyo ni gona, mu sauko ta gangaren da na faɗi. In sarƙar nan ta fita, ko ta yi ƙara ma, ni zan saka miki keken a mota."

Ta juyo ta dube ni, tana jiran in goya mata baya. Na ce, "Ki bi shi." Ta ce, "Mama, har da ke?" Na ce har da ni. Ta sa shi ya ɗaura hular kwano da ta aro wurin mai acaɓa, suka tafi.

Na ce ba zan tsaya a ƙofa kamar wata amarya ba. Na ɗora gwate. Na juya, na leƙa. Na yanka yakuwa, na leƙa. Rana ta take, ba su ba labarinsu. Na bar tukunya na fita bakin hanya, ina addu'a rabi ina zagin kaina rabi, don ni na buɗe siton nan, ni na ce a bi shi. Can sai ga acaɓa ya ɓullo ta wajen dogo, Theresa a baya, ɗankwali a hannu. Na duba bayansu, ba keke. Ta diro tun kafin babur ya tsaya.

"Mama, ina Baba?"

"Ni za ki tambaya? Ba tare kuka tafi ba?"

"Ya wuce mu tun a gangaren! Duwatsu sun hana mu gudu, shi kuwa ya bi ta kansu ya sauka, muka daina ganinsa. Mun duba kwazazzabon, mun duba gada, ba shi!"

Na ɗora hannu a ka zan kurma ihu, sai na ji murya daga cikin gida.

"Maman Theresa! Gwaten nan fa yana kamawa."

Muka ruga. Ga shi zaune a bakin kicin, hular kwano a gwiwa, yana juya mini tukunya da muciya, keke a jingine a bango, sarƙa a kan haƙoranta ƙura ta lulluɓe ta. Ta hanyar gefen dogo ya yanko ya shigo ta ƙofar baya, ina can waje ban ji komai ba.

Theresa ta tsuguna ta duba gwiwoyinsa, ta duba tafin hannunsa, ta kama wuyan hannu ta ji bugun jini. Ta miƙe ta je ta rufe but ɗin motar. Abin da ta ce kawai shi ne hular kwano dole, za ta aiko da tasa, kuma ranar da ta ji ya hau babu ita, ko fasto ba zai cece shi ba. Ya ce ya ji. Murna ta hana shi zama, ya bi ta har mota yana ba ta labarin kowane dutse da ya tsallake.

Ni kuwa na bari sai da ta tafi. Na tsaya a gabansa.

"Ka gyara kekenka, na yarda, na kuma yi murna. Amma ba za ka ƙara shigo mini gida kamar ɓarawo ba. Yau na binne ka a raina kafin in ji muryarka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Milka."

Ranar Litinin na shiga kasuwa na sayo ƙararrawar keke, irin ta da, mai ƙara kamar ta makaranta. Ya juya ta a hannu, ya ce ai gaskiya ne, jirgi ma ba ya shiga tasha sai ya yi busa. Ya ɗaura ta da kansa.

Yanzu kullum da yamma, in ya iso inda hanya ta haye tsohon dogo, sai ya kaɗa ta. Yaran unguwa sun ɗauka don su yake yi, suna rugawa suna ihu. Ni dai duk abin da ke hannuna nakan tsaya sai na ji ta, sannan in saki numfashi in zuba masa ruwan wanka.